Anti, in na cire mastas ɗina daga CV na yi ƙarya?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na sha'anin aiki da ofis. Wasiƙu uku na ɗauko wannan karon, ta farkon ce za ta cinye mana fili don irinta ta fi yawa a akwatina tun farkon 2025, har na daina ƙirgawa. Kamar kullum na cire sunaye da duk abun da zai sa a gane mutum.

TAMBAYA TA FARKO

Anti barka da ƙoƙari, don Allah a sakaya sunana. Ni mazaunin Maiduguri ne shekarata 39, mata ɗaya yara huɗu ga mahaifiyata a hannuna. Ina da difloma da na yi tun kafin in shiga jami'a, sannan digiri a fannin tattalin arziki, sannan mastas da na yi na ƙarshen mako ina cikin aiki. Shekara tara na yi a wata ƙungiyar agaji, na fara ne daga rabon kayan abinci a sansanin 'yan gudun hijira har Allah ya ɗaga ni na zama ina kula da ofis uku da ma'aikata sama da talatin a ƙarƙashina. Toh da Trump ya dawo ya dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a Janairun 2025 sai aka tara mu wata safiya aka ce kowa ya zauna a gida tukuna, bayan wata biyu takardar sallama ta biyo baya. Tun lokacin nake yawo da fayil Anti, na sayar da motata na cire yara daga makarantarsu na kai su mai sauƙin kuɗi, amma abun da ke ci mun tuwo a ƙwarya shi ne duk inda na je sai a duba takarduna a yi murmushi a ce ai Malam kai ka fi ƙarfin wannan aikin, wani ma cewa ya yi wai ba za su iya biyana ba alhali ko tambayata nawa nake so bai yi ba. Yanzu wani kamfanin rarraba kayan masarufi na neman mai kula da sito, mai difloma suke so, albashi N120,000. Abokina ya ce in cire mastas in cire digirin ma in bar difloma kawai, in rubuta cewa sitokifa nake a ƙungiyar duk shekarun nan, in an tambayi tsohon albashina in ce dubu 150 maimakon dubu 650 da nake ɗauka, wai kowa haka yake yi. Wallahi Anti zuciyata ta ƙi kwanciya amma kuma gida babu, kuɗin haya saura wata biyu. Shin in na cire mastas ɗin na yi ƙarya? Kuma in sun ce za ka zauna da mu ko in ka samu wanda ya fi za ka gudu me zan ce, don ni dai na san in wata ƙungiya ta kira ni gobe tafiya zan yi.

AMSA

Wa'alaikumussalam ƙanina. Allah ya kawo mafita, ya bar mana Hajiya ya ƙara mata lafiya. Sayar da mota da sauya wa yara makaranta ba ƙaramin abu ba ne, sannu.

Kafin mu taɓa CV ɗin bari in shigar da kai cikin kan mutumin da ke ce maka ka fi ƙarfin aikin, don na daɗe a ɗaya ɓangaren teburin. Wata rana a wani wajen da na yi aiki muna neman kashiya, wani bawan Allah ya shigo shadda ta sha guga, hula zanna bukar, CV shafi shida an yi masa bango da leda sai ka ce kundin kammala digiri. Manajanmu HND gare shi. Yana buɗe shafi yana buɗe shafi har ya kai inda aka jero tarukan bita, Abuja, Legas, Akara, sai ya karkato ya raɗa mun a kunne, "Hajiya wannan ai kujerata ya zo nema." Shikenan fa. An gama intabiyu mutumin bai gama gyara zama ba, tambayoyin da suka biyo baya duk na cika sharuɗɗa ne, babu wanda ya tambaye shi ko ya iya rufe lissafin rana ya haɗa rasit da kuɗin cikin durowa, wanda shi ne kaɗai abun da muke buƙata.

Kaga kenan "ka fi ƙarfin aikin" ba yabo ba ne kuma ba zagi ba ne, tsoro ne aka sa masa babbar riga. Oga yana tsoron ya koya maka aiki wata uku ka tafi ya koma neman wani, yana tsoron ka raina shi in ya aike ka, yana kuma tsoron ka zauna kana ƙunƙuni kan albashi har ka zuga sauran ma'aikata. Kuma ba yau aka fara ba, a 2012 da kamfanin Dangote ya nemi direbobin tirela masu digiri, jaridu sun ruwaito shi Alhaji Aliko da bakinsa yana cewa mutum wajen 13,000 suka nema, ciki har da masu mastas 704 da masu digirin digirgir 6. Wato masu ɗaukar aiki sun saba ganin manyan takardu a ƙananan gurabe, kuma sun saba ganin masu su suna tafiya. Aikinka a CV da wajen intabiyu shi ne ka kwantar da wannan tsoron, ba ka ɓuya ba.

Toh sai shawarar abokinka. Abu huɗu ya ƙulle maka a ƙunshi ɗaya ya ce haɗiye, alhali ba ɗaya suke ba.

Ka shiga Monday Market ka ce gero kake nema. Mai shago ya buɗe maka buhun gero, bai buɗe na wake da na shinkafa da ke bayansa ba, ya yi maka ƙarya? Bai yi ba, abun da ka zo nema ya nuna maka. Amma ka tuna hadisin nan na Muslim, da Manzon Allah (SAW) ya wuce wajen mai sayar da abinci ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ma'aunin da ni nake amfani da shi kenan, ba ni da ilimin fatawa amma wannan kam kowa ya sani. Mastas ɗinka ba jiƙaƙƙen hatsi ba ne, buhun shinkafa ne da ba a zo nema ba. CV takardar talla ce kai ka tsara abunka, ba takardar rantsuwa ba ce, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Don haka a kamfani mai zaman kansa, in tallar aikin ba ta ce a lissafo dukkan karatu ba, ka bar mastas a gida ba ka yi ƙarya ba, musamman da yake na ƙarshen mako ka yi, cire shi ba zai bar wani giɓi a shekarunka ba.

Digirin kuwa kar ka taɓa shi. Ba don cire shi shi kaɗai ya zama ƙarya ba, a'a, don ramin da zai bari ne. Shekara huɗu ta jami'a da ɗaya ta bautar ƙasa, biyar kenan, za a ce Malam daga shekara kaza zuwa kaza ina kake? Nan dole ka ƙirƙiro shago ko gona ko wani kawu da ka yi wa aiki a Kano, shi kuma kawun sai an yi masa suna da sana'a, kafin ka farga kana riƙe da labari guda da za ka dinga tunawa kullum har ranar da za ka bar wajen. Mutum mai shekara 39 da yara huɗu ba shi da wajen ajiye wannan a kansa.

Sauya sunan muƙami kuma, ka ce sitokifa kake alhali kai ne shugaban sitokifan, wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma mai saurin tonuwa, kiran waya ɗaya zuwa tsohon ofishinku ya isa. Abun haushin ma ba ka buƙatarta. Kai da ka fara daga rabon abinci a sansani ai aikin sito ka yi shekara da shekaru, ba ka dai kira shi da sunan ba ne. Ka bar muƙaminka na gaskiya yadda yake a layi ɗaya, amma abun da za ka rubuta a ƙarƙashinsa ya zama yaren sito. Maimakon ka ce ka jagoranci tsare-tsare da hulɗa da masu ba da tallafi, wanda mai kamfanin taliya da omo bai san me zai yi da shi ba, ka rubuta cewa kana karɓar tirela ka ƙirga buhu ka haɗa da takardar rakiyar kaya kafin ka sa hannu, kana cika katin shiga da fitar kaya, kana fitar da wanda ya riga shigowa kafin sabo don kar ya lalace, kana ƙirgar ƙarshen wata, masu binciken kuɗi sun zo sau kaza ba su samu giɓi ba, in dai haka ne. Ka sa adadi na gaskiya, tan nawa ke wucewa ta hannunka a wata, sito nawa. Ka ce ka iya Excel. Wanda ya riƙe kaya a wajen da jama'a ke cikin yunwa ana matsa masa ta ko'ina kuma lissafinsa ya fita daidai, wallahi mai kamfani da hankali rububinsa zai yi. Tarukan bita goma sha nawa ɗin nan duk ka share, ka bar wanda ya shafi kula da kaya in akwai. Shafi biyu, kar ya wuce. Ma'aikata talatin da ke ƙarƙashinka ba sai sun fito a layin farko ba.

Amma ga inda iyakar take, ka riƙe ta da kyau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In suka miƙo maka fom da aka ce rubuta dukkan makarantun da ka yi, a ƙasa kuma akwai wajen sa hannu cewa duk abun da na faɗa gaskiya ne ban rage komai ba, toh mastas ya shiga. In wani ya dube ka ya ce iyakar karatunka kenan, ka ce a'a ranka ya daɗe ina da mastas, ban sa ba ne don bai shafi wannan aikin ba. A aikin gwamnati kuwa tun farko kar ka fara, don a dokokin aikin gwamnatin tarayya ɓoye bayanai da jirkita su suna cikin manyan laifukan da ke kai mutum ga kora. Na ga wanda ya shiga da ƙaramar takarda a matakin albashi na 6, ya yi shiru har aka tabbatar da shi, sannan ya fito da digiri yana neman a ɗaga shi zuwa mataki na 8, sai jami'ar da ke duba fayil ta sa yatsa a kan kwanan watan digirin, ya girmi takardar ɗaukarsa aiki da shekara biyu. Maimakon ƙarin girma takardar tuhuma ya samu.

In ra'ayina kake so ba halacci ba, ni da zan bar mastas ɗin a CV, layi ɗaya can ƙasa ba tare da ado ba. Maiduguri a harkar aiki ƙauye ce, kowa ya san kowa, direban kamfanin ma wataƙila ya taɓa kawo muku kaya, ga hotonka da rigar yaye ɗalibai na nan a Facebook abokai ɗari biyu sun yi maka barka. Gara su ji daga bakinka da su ji a majalisa. Amma in ka ga ko kiranka ba a yi saboda shi, cire shi ka gwada, ba ka yi laifi ba.

Batun albashi. Kar ka ce 150. Wasu kamfanonin suna neman takardar albashin ƙarshe, kuma lambar asusun fanshonka ɗaya ce har ka yi ritaya, in aka ce kawo bayanin asusun, kashi 8 naka da kashi 10 na mai aiki suna nan a jere wata bayan wata, ɗan sakandare ma zai iya hasashen abun da kake ɗauka. Kuma ka duba wane aiki kake nema. Sito. Amana ake saya a wajen, ba ƙarfi ba. Mutumin da aka kama ya rage lamba tun a teburin intabiyu wa zai ba shi makullin ɗakin da ke cike da katan-katan na miliyoyi? Abun da za ka ce mai sauƙi ne, "Ranka ya daɗe albashin can kuɗin masu ba da tallafi ne daga waje, ya fi wannan nesa ba kusa ba, kuma ya tafi. Na ga abun da kuka sa, na yi lissafina kafin in zo." In sun nace sai ka faɗi lambar, ka faɗa, ka yi shiru, kar ka bi ta da ban haƙuri.

Sai dai fa ka yi lissafin da gaske kafin ka ce ka yi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 litar da ba ta kai N200 ba, sai da ta haura N1,000 a ƙarshen 2024, ka zauna da Madam da biro da takarda, kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa kwana ashirin da shida, abincin rana, abun da zai rage daga 120 ɗin. Mafi ƙarancin albashi a doka tun Yulin 2024 N70,000 ne, wato abun da suke bayarwa bai ninka shi biyu ba. In ya rage abun da zai sa tukunya ta hau wuta, bismillah, da babu gara ba daɗi. In kuwa a hanya zai ƙare, gara ka sani yanzu da ka shiga ka fara jin haushin mutanen da ba su yi maka komai ba.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai wuyar, kuma na ji daɗi da ka faɗi gaskiya cewa in an kira ka gobe tafiya za ka yi. Toh ƙanina kaga ashe tsoron ogan ba na banza ba ne. Kar ka rantse masa cewa nan za ka mutu, ya san ƙarya ne, kai ma ka sani, kuma da zarar ka faɗa sauran maganganunka duk sun rage daraja. Kar kuma ka ce ai ina nan ne kafin in samu wani, wannan ba gaskiya ba ce wauta ce. Ka yanke wa kanka wa'adin da za ka iya cikawa ko da an kira ka, tun a gida, kai da zuciyarka. In shekara ɗaya ce ka ce shekara ɗaya. Sannan ka ɗora musu abun da doka ba ta tilasta maka ba, don a dokar ƙwadago wanda ya yi tsakanin wata uku da shekara biyu a waje sanarwar mako ɗaya ce a kansa in zai tafi, sai dai in takardar ɗaukar aiki ta faɗi fiye da haka. Kai ka ce za ka ba da sanarwar wata biyu, ka koya wa wanda zai gaje ka, ka bar musu tsarin lissafin sito a kwamfuta da kowa zai iya bi. Mai kamfani ɗan kasuwa ne, ya san ciniki in ya gani, ƙwararre na shekara ɗaya a farashin mai difloma riba ce. Amma in ka faɗa toh ya zama alkawari fa, ranar da wayar dala ta shigo a wata na biyar sai ka ce musu su jira ka ko ka je ka nemi ogan ya sake ka da yardarsa. In ka san ba za ka iya ba, rage wa'adin tun yanzu.

Wani abu kuma da na lura da mutanenmu, ko dai mutum ya shigo yana ta zuba kamar shi zai ɗauke mu aiki, ko kuma kunya ta sa ya dinga "toh ana dai taɓawa" har a tashi ba a san me ya iya ba. Wai yabon kai jahilci. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya ce wa sarkin Masar ka ɗora ni a kan taskokin ƙasa, ni mai tsarewa ne masani, yana nan a aya ta 55 cikin surarsa, kuma in ka duba aikin sito ne ma ya nema. Kalma biyu ya faɗa, duka biyun sun shafi aikin. Ka je da shiga mai tsafta ba ta ɗaurin aure ba, in yaron da zai yi maka tambaya ya kai ƙaninka na uku ka ce masa yallaɓai, kuma kar ka gyara masa Turanci.

TAMBAYA TA BIYU

Salam Anti. Na gama jami'a a makare saboda yajin aiki, yanzu shekarata 29 amma duk tallar aikin banki da na gani sai a ce kar a wuce 26 ko 27. Wani yayan abokina ya ce in ba shi dubu goma zai karɓo mun takardar rantsuwa ta kotu da sabuwar ranar haihuwa. Ai ba laifina ba ne ASUU ce ta cinye mun shekaru. In yi? Daga Kaduna.

AMSA

Ɗana gaskiyarka ne ba laifinka ba ne, yajin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kuma wannan ƙa'idar shekarun ni ma ban taɓa ganin adalcinta ba. Amma kar ka yi. Wannan ba irin ta ɗan'uwanka na sama ba ce, shi shiru zai yi a kan abun da yake da shi, kai kuwa rantsuwa za ka yi a kan abun da babu.

A zamaninmu mutum na iya samun ranar haihuwa uku ya zauna lafiya don kowace tana cikin wani fayil mai ƙura a wani gari. Yanzu ranar haihuwarka tana NIN, tana BVN, tana takardar WAEC tare da hotonka, tana wajen JAMB da NYSC, kuma banki kake son shiga, mutanen da duba BVN shi ne aikinsu na safe da yamma. Ko a da ɗin ma ba kowa ke tsira ba. Salisu Buhari ya zama kakakin majalisar wakilai a Yunin 1999, bai rufe wata biyu ba mujallar TheNews ta tono batun shekarunsa da takardar bogi ta jami'ar Toronto ya sauka, shi ƙara shekaru ma ya yi don ya kai na tsayawa takara, lokacin babu NIN babu komai. Kemi Adeosun kuma tana ministar kuɗi ta ajiye aiki a Satumbar 2018 kan takardar yafe bautar ƙasa, kuma a wasiƙarta ta ce wasu da ta amince da su ne suka taimaka aka karɓo, ba ta san ba ta gaske ba ce. Ka ji kalmar, wani ne ya karɓo. Ranar da abun ya fashe yayan abokin nan ba za ka ga ƙeyarsa ba.

Ka riƙe dubu gomanka. Ƙa'idar 26 ɗin yawanci ta masu shiga a matsayin sabbin ɗalibai ce da za a horar, ba ta kowace ƙofa ba. Ƙananan bankunan al'umma, kamfanonin POS, ofisoshin akanta, da yawa ba ruwansu da shekaru, ka yi shekara biyu a can ka fara jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akanta, ICAN ko ANAN, in lissafin kuɗi ka karanta, sai ka dawo ta ƙofar masu gogewa inda tambayar ita ce me ka iya. Kuma a CV ba dole ba ne ka rubuta ranar haihuwa in ba a nema ba.

TAMBAYA TA UKU

Anti ina wuni. Ina da intabiyu a wata makarantar kuɗi sati mai zuwa, aikin koyar da lissafi, kuma ina da juna biyu wata biyu, ko surukata ba ta sani ba tukun. Shekara biyar ina gida tun da na yi aure. Maigidana ya ce kar in faɗa, ni kuma ina jin kamar yaudara ce. Sannan me zan rubuta a shekara biyar ɗin? Daga Zariya.

AMSA

Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Abun da ko surukarki ba ta ji ba, ba shugaban makaranta ne zai riga ta ji ba. Ciki na wata biyu sirrinki ne, ba wajibi ba ne ki ɗauko maganar da kanki a teburin intabiyu, an kira ki ne a ga ko kin iya koyar da lissafi. Amma na san makarantunmu, wasu ba kunya za su tambaya kai tsaye. In aka tambaya kar ki ce babu, nan da wata uku hijabi ma ba zai rufa miki asiri ba, kuma za ki zauna da mutanen da suka san kin kalle su kin musa. Kina iya cewa wannan maganar gida ce amma in kun ɗauke ni duk abun da zai shafi zangon karatu zan sanar da ku da wuri ku shirya. Mai hankali ya gane.

Ni abun da nake ba mata shawara shi ne, in takardar ɗauka ta fito kin karɓa, ciki ya yi ƙwari, ki je da kanki ki faɗa da tsari a hannu. Ki ƙirga watannin, in haihuwar za ta faɗo kusa da dogon hutu na Yuli zuwa Satumba kin ga an rage musu ciwon kai, in kuma tsakiyar zango ce ki ce ga inda zan kai manhaja kafin lokacin, ga darussan da zan rubuta in bari. Ki kuma san haƙƙinki, dokar ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wajen kafin hutun, kuma ke in an ɗauke ki yanzu kina dab da cika wata shidan nan, don haka ki duba ranar da aka rubuta a takardar fara aikinki da kyau, kar ki yarda a ce ki fara zuwa tukun takarda ta biyo baya.

Shekara biyar ɗin kuma ki rubuta layi ɗaya, 2020 zuwa 2025 ko yadda yake, kula da iyali. In kina koya wa yaran maƙwabta lissafi da yamma ko kina taimakawa a Islamiyya ki sa, koyarwa ce, ki faɗi yara nawa da ajinsu. In ba ki yi ba kar ki ƙirƙira. Abun da zai fi cin ki ba giɓin ba ne, allo ne, don kusan duk makarantar kuɗi sai sun ba ki alli ko maka sun ce koyar da mu minti goma. Ki ari littafin lissafi na aji uku na ƙaramar sakandare yau ɗin nan, ki zaunar da maigidan a tabarma ya zama ɗalibi, ki koya masa har sai hannunki ya daina rawa.